Lamba 2,147,483,647: Siffofinta, Azuzuwanta da Tushen Shahararta

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki lamba guda, 2,147,483,647, ta bi diddigin azuzuwan da masana lissafi suke sanya ta a ciki. Manufarta ita ce rarrabe siffofin da suke na lambar ita kanta da waɗanda salon rubutunmu ya ɗora mata, sannan a nuna wace siffa ce ta haifi wace. An bi hujjar da Leonhard Euler ya kafa a 1772, an kwatanta ta da gwajin Lucas da Lehmer, an kuma duba matsayin lambar a cikin kwamfuta. Takardar ta tsaya a kan cewa lambar ta yi suna ta hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba, kuma a wurare kaɗan ne hanyoyin suka haɗu suka yi aiki tare.

1.0 Gabatarwa



Lambar da za mu tattauna a kanta ana karanta ta kamar haka: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A taƙaice ana rubuta ta 2³¹ − 1, wato a jera biyu sau 31 a ninka su da juna, sannan a ɗebe ɗaya. A cikin takardar zan riƙa kiran lambar da ke bisa kan biyun “hawa”. Lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, zan kira ta “gagara-raba”.

Al'adar da aka saba gani idan za a bayyana babbar lamba ita ce a jero mata laƙabi: mara ce, gagara-raba ce, alƙalumanta goma, jimlarsu kaza, a tsarin kwamfuta ga yadda take. Duk gaskiya ne, amma jerin yana ɓoye abu mafi muhimmanci, domin yana ba kowace siffa daraja ɗaya. Ɗalibin da ya haddace shi bai san wace siffa ce za ta ɓace in an sauya salon rubutu ba, bai kuma san wadda in ta faɗi sauran za su bi ta ba. Wannan rarrabewa ita ce aikin da ke gabanmu.

2.0 Siffofin da rubutu ya ɗora mata

A ƙidayar goma-goma lambar tana da alƙaluma 10, ta ƙare da 7, jimlar alƙalumanta kuwa 46. A ƙidayar bibbiyu, wadda kwamfuta ke aiki da ita, 1 ce aka jera sau 31 babu sifiri ko guda. A ƙidayar sha shida-sha shida ana rubuta ta 7FFFFFFF. Lamba ɗaya ce, fuska uku, kuma ba wadda ta fi wata gaskiya. Yawan alƙaluma da alƙalamin ƙarshe labarin gindin ƙidayar suke bayarwa fiye da labarin lambar.

Sai dai kada a yi saurin watsar da su duka. Jimlar 46 tana ɗauke da sako: 4 da 6 sun ba da 10, 1 da 0 sun ba da 1, kuma wannan 1 shi ne sauran da ke ragewa in an raba lambar da 9. Dalili shi ne 10 kanta tana barin saura 1 in an raba ta da 9. A riƙe wannan dabara, za mu sake buƙatar irinta a sashe na 6. Haka nan jerin 1 sau 31 fassara ce kai tsaye ta sigar 2³¹ − 1, kuma daga wannan siga kusan duk sauran siffofin suka fito.

3.0 Yadda aka tabbatar gagara-raba ce

3.1 Masu hasashe

Tun da daɗewa an lura cewa 2 a wani hawa, a ɗebe 1, takan ba da gagara-raba: 3, 7, 31, 127. An kuma san cewa in hawan yana rabuwa, sakamakon ma zai rabu. Misali 15, wato 2⁴ − 1, ita ce 3 × 5. Saboda haka sharaɗi ne hawan ya zama gagara-raba. Amma sharaɗin bai wadatar ba, domin hawa na 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 × 89.

A 1588 Pietro Cataldi, wani masani ɗan Italiya, ya tabbatar da cewa hawa na 17 da na 19 suna ba da gagara-raba, wato 131,071 da 524,287. Ya ƙara da cewa hawa na 23, 29, 31 da 37 su ma haka ne, ba tare da ya gwada su ba. Uku daga cikin huɗun kuskure ne: 8,388,607 ita ce 47 × 178,481, 536,870,911 ita ce 233 × 1,103 × 2,089, ta hawa na 37 kuma 223 tana raba ta, kamar yadda Pierre de Fermat ya nuna a 1640. A 1644 limamin coci ɗan Faransa Marin Mersenne, wanda wannan dangin lambobi ke amsa sunansa a yau, ya fitar da nasa jeri: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Shi ma ya yi tuntuɓe, domin na 67 da na 257 suna rabuwa, ya kuma tsallake 61, 89 da 107.

Dukansu biyu sun ambaci 31, dukansu sun dace. Amma wanda ya faɗi abu huɗu guda ya yi daidai, ba a ce ya san wannan gudan. A lissafi magana ba ta zama sani sai da hujja, kuma hujjar 31 ta jira shekara 184 bayan Cataldi.

3.2 Hujjar Euler

Euler haifaffen Basel ne ta ƙasar Siwizalan, a 1707. A 1772 yana zaune a birnin San Fitasbag na Rasha, yana da shekara 65, ganinsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. A wata wasiƙa da ya aika wa ɗaya daga cikin malaman gidan Bernoulli ne ya bayyana cewa ya tabbatar da lambar. Hanyar da ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ɗalibin ajin farko na jami'a zai iya bin ta taki-taki.

Matakin farko sananne ne. In lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga cikin masu raba ta kada ta wuce saiwar murabba'inta. A nan 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai lambarmu ba, 46,341 × 46,341 kuwa ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce ta. Ke nan bincike ya tsaya a 46,340. Gagara-raba da ke ƙasa da wannan iyaka kusan 4,800 ne. Raba lamba mai alƙaluma 10 da hannu sau 4,800 aiki ne mai yiwuwa, amma kuskure guda ya isa ya rushe shi.

Mataki na biyu shi ne rage masu takara. A ɗauka wata gagara-raba, mu kira ta q, tana raba 2³¹ − 1 ba saura. Ma'anarsa in aka raba 2³¹ da q, saura 1 zai rage. To a nemi hawa mafi ƙanƙanta da 2 za ta hau ta bar saura 1 a hannun q. Wajibi ne wannan hawa ya raba 31, kuma tun da 31 gagara-raba ce, ko dai 1 ne ko 31. Ba zai zama 1 ba, domin 2 − 1 ya ba da 1, wadda babu gagara-rabar da ke raba ta. Saboda haka 31 ne. Ƙaramar ƙa'idar Fermat kuma ta ce 2 a hawa na q − 1 tana barin saura 1, don haka 31 tana raba q − 1. Da yake q mara ce, q − 1 cika ce, sai ya zama 62 tana raba ta. Duk mai raba lambarmu dole ta kasance 62 sau wani abu, a ƙara 1. Irin waɗannan da ba su wuce 46,340 ba guda 747 ne kacal.

Mataki na uku ya raba 747 ɗin gida biyu. In 2³¹ ta bar saura 1, to 2³² za ta bar saura 2. Ita kuwa 2³² murabba'in 65,536 ce. An riga an tabbatar cewa 2 ba ta zama sauran wani murabba'i sai a hannun gagara-rabar da ke barin 1 ko 7 in an raba ta da 8. Yanzu a haɗa sharuɗɗan biyu a ƙarƙashin 248, wato 8 × 31. Sharaɗin farko ya ƙyale saura huɗu: 1, 63, 125 da 187. In aka raba su da 8 suna barin 1, 7, 5 da 3. Biyun ƙarshe sun faɗi. Abin da ya rage shi ne 248 sau wani abu a ƙara 1, ko a ƙara 63, kuma adadinsu 373 ne. Mafi yawansu ma suna rabuwa, ba a buƙatar gwada su: 63, 249, 497 da 559 duk sun fita. Gagara-raba ta farko a jerin ita ce 311, wadda ke barin saura 35, sai 1,303. Gaba ɗaya kimanin 80 ne ke buƙatar gwaji, kuma babu wadda ta raba lambar.

Daga kusan 4,800 zuwa kimanin 80. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi komai daraja a tarihin lambar: sigar 2³¹ − 1 ita ce ta faɗa wa Euler inda zai duba. Da lamba ce mai alƙaluma 10 da aka tsinta haka kawai, da babu wannan sauƙi. Ana iya gwada ƙa'idar a kan lambobin da Cataldi ya yi kuskure a kansu: 47 ita ce 46 da 1, tana kuma barin 7 a hannun 8, 233 ita ce 58 × 4 da 1, tana barin 1. Lambarmu ta riƙe kambun gagara-raba mafi girma da aka sani har tsakiyar ƙarni na 19.

3.3 Gwajin Lucas da Lehmer

Hanyar Euler tana da iyaka, domin masu takara suna ƙaruwa da sauri in hawa ya ƙaru. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, ba tare da neman mai raba ta ba, kuma a 1930 Derrick Lehmer ya gyara hanyar ta koma yadda ake amfani da ita yau. Ana farawa da 4. A kowane taki a ninka lambar da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe sauran. Ana yin taki daidai da hawan, ban da biyu. In an ƙare da sifiri gagara-raba ce, in ba haka ba tana rabuwa.

Ga 31, mai hawa 5, taki uku ne: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194, saura 8, 8 ta ba da 62, saura sifiri. Ga 2,047 taki tara ne, kuma yana ƙarewa da 1,736, don haka tana rabuwa, ko da yake gwajin bai faɗi masu raba ta ba. Ga lambarmu taki 29 ne: 4, 14, 194, 37,634, 1,416,317,954, daga nan rabawa ta fara aiki, a taki na 29 sifiri ya fito. Gwajin ne ya daɗe yana zama ginshiƙin shirin GIMPS na neman irin waɗannan lambobi, wanda George Woltman ya kafa a 1996, kuma da shi aka tabbatar da 2 a hawa na 136,279,841 a ɗebe 1, wadda Luke Durant ya gano a Oktoba 2024. Alƙalumanta 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne. Tamu ita ce ta takwas.

4.0 Azuzuwan da suka biyo baya

Wasu siffofin kyauta ne ga kowace gagara-raba. Masu raba ta biyu ne, kuma in an cire ita kanta saura 1, don haka tana cikin tauyayyun lambobi, waɗanda jimlar masu raba su ba ta kai su ba. Ambaton wannan a matsayin siffa ta dabam bai ƙara sani ba. A jerin gagara-raba ita ce ta 105,097,565. Ta gabanta 2,147,483,629, ta bayanta 2,147,483,659, don haka ba ta da tagwai mai tazarar 2: ta ƙasa, 2,147,483,645, tana rabuwa da 5, ta sama kuma, 2,147,483,649, ita ce 3 × 715,827,883. Na biyun ba dace ba ne. Duk lokacin da hawa ya zama mara, 2 a wannan hawa a ƙara 1 tana rabuwa da 3.

Siffa ta gaba daga sigar take fitowa, ba ruwanta da zama gagara-raba. Tun da 8 tana raba 2³¹, lambarmu tana barin saura 7 a hannun 8. Kowane murabba'i kuwa 0, 1 ko 4 yake bari. A ɗauki uku daga cikin waɗannan ta kowace fuska a tara, ba za a sami 7 ba. Saboda haka ba a rubuta 2,147,483,647 a matsayin jimlar murabba'i biyu ko uku. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba, tamu tana cikin masu buƙatar huɗun cif. Haka 7 take, haka 2,047 take duk da tana rabuwa.

Sai kamilan lambobi, waɗanda jimlar masu raba su, ban da su kansu, take daidai da su: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Iƙlidis, malamin Iskandariya, ya nuna tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa duk gagara-raba mai wannan siga tana haifar da kamila, in an ninka ta da rabin lambar da ke biye da ita. Euler ya tabbatar da cewa duk kamilar da take cika ta wannan hanya take zuwa, an kuma buga hujjar a 1849, bayan rasuwarsa. Tamu ta haifi 2³⁰ × 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas. Wannan adadi shi ne kuma jimlar duk lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647. A nan ana buƙatar siffofin biyu tare, sigar da kuma rashin rabuwa. A 1811 masanin Ingila Peter Barlow ya rubuta ra'ayinsa cewa da wuya wani ya nemi kamilar da ta fi wannan, domin a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne da ba su da amfani. Game da wahalar aikin hannu yana da uzuri. Game da amfani, sashe na 6 zai amsa masa.

Aji mafi ƙarancin 'yan ciki shi ne na Mersenne mai ninki biyu. Hawan lambarmu, 31, shi kansa 2⁵ − 1 ne. Gagara-raba huɗu kawai aka sani masu wannan hali: 7, 127, tamu, da 2¹²⁷ − 1. Mutum zai so ya ce in aka ɗora 2,147,483,647 a matsayin hawa za a sake samun gagara-raba. Ba a samu ba. Lambar da ke fitowa tana da alƙaluma sama da miliyan 646, ba a iya rubuta ta a littafi, amma an san 295,257,526,626,031 tana raba ta. Yadda aka same ta shi ne abin lura: ita ce 68,745 sau ninki biyu na 2,147,483,647, a ƙara 1. Ƙa'idar da Euler ya yi aiki da ita ce dai ta nuna inda za a nema.

5.0 Rufin ƙidayar kwamfuta

Mafi yawan waɗanda suka san wannan lamba a yau ba ta hanyar Euler suka san ta ba. Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe da ake kira bit, kowane gurbi 0 ko 1. Ma'ajiyar da aka fi sabawa da ita shekaru da dama tana da bit 32. Gurbi guda yana nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa da shi, saura 31. In duk 31 suka cika da 1, an kai 2,147,483,647. A ƙara 1 a kai, sai ƙidayar ta tumbatsa ta faɗa gurbin alama, lambar ta koma −2,147,483,648. Kamar mitar tsohuwar mota ce da ke komawa baya in ta cika, sai dai wannan ba sifiri take komawa ba, can ƙasa da shi take faɗawa.

Abin ya sha faruwa a fili. A Disamba 2014 YouTube ya sanar cewa masu kallon bidiyon Gangnam Style sun sa ya faɗaɗa ma'ajiyar ƙidayarsa zuwa bit 64. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya ɗauke wuta in sun yi kwana 248 a kunne ba hutu, saboda wata ƙidaya a manhajarsu za ta cika. In aka ƙirga 2³¹ da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, kwana 248 da rabi ake samu. Wannan 248 ba shi da dangantaka da 248 na Euler, karo ne kawai, kuma ina ambatonsa ne don a ga yadda dacen alƙaluma kan ja mai nazari ya ƙulla abin da ba a ƙulle yake ba. A ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonni suka maƙale a manhajar Microsoft Exchange, domin an rubuta kwanan wata a matsayin lamba, 2201010001, wadda ta haura rufin.

Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye. Mai rubuta manhajar da ya ajiye kuɗi da kwabo a bit 32, rufinsa naira 21,474,836 da kwabo 47, kuɗin da bai kai na gida guda a manyan biranenmu ba. Lambar wayar Najeriya in an cire sifirin farko takan fara da 7, 8 ko 9, alƙaluma 10, duk sun wuce rufin. Lambobin NIN da BVN masu alƙaluma 11 ne. Irin waɗannan ma bai kamata a ajiye su a matsayin adadi ba, domin ba tara su ake yi ba, sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma.

Yanzu tambayar da takardar ta ɗauko: shin zaman lambar gagara-raba yana da hannu a wannan? Ba shi da shi. Rufin bit 8 shi ne 127, gagara-raba. Rufin bit 16 shi ne 32,767, wato 7 × 31 × 151. Rufin bit 64 shi ne 9,223,372,036,854,775,807, wadda 7, 73 da 127 duk suna raba ta, tun da hawanta 63 yana rabuwa. Injiniyoyi sun zaɓi 32 ne don sauƙin ƙera na'ura. Ya zamana 32 a ɗebe 1 gagara-raba ce, ya kuma zamana tana cikin hawan da ke ba da gagara-raba. Da Cataldi ya yi kuskure a kan 31 kamar yadda ya yi a kan 29, da rufin yana nan yadda yake.

6.0 Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Masu bincike a kimiyya da ƙididdiga suna buƙatar lambobin ƙuri'a, waɗanda ke fitowa ba tare da tsarin da ido zai kama ba. Lehmer, mai gwajin da muka gani, shi ne ya kawo hanya mai sauƙi: a ɗauki lamba, a ninka ta da wata tsayayyiyar lamba, a raba da ma'auni, sauran shi ne lamba ta gaba. Ingancin jerin ya rataya a kan ma'aunin da maninkin.

In ma'aunin gagara-raba ne, jerin ba zai taɓa faɗawa sifiri ya mutu ba. In kuma ma'aunin lambarmu ce, aka kuma dace da maninki, zai ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa. Sanin maninkin da ya dace yana buƙatar a warware 2,147,483,646, wadda ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Daga nan ake lissafa cewa maninka 534,600,000 ne ke zaga da'irar duka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mafi ƙanƙantarsu 7 ce. Ita 2 ba ta da amfani a nan, domin bayan taki 31 take dawowa inda ta fara. Lewis, Goodman da Miller sun zaɓi 16,807 a 1969, wato 7 a hawa na 5, kuma ta gaji halin 7 saboda 5 ba ta cikin masu raba 2,147,483,646. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin mizanin da za a yarda da shi. In an fara da 1, jerin yana ba da 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, kuma lamba ta 10,000 ita ce 1,043,618,065, wadda ake duba ingancin manhaja da ita.

Rashin rabuwa ya ba da doguwar da'ira. Zama rufin bit 32 ya sa kowane sakamako ya shiga ma'ajiya guda, babu gurbin da aka yi asara. Sigar kuma ta sauƙaƙa rabawar: tun da 2³¹ tana barin saura 1, sai a yanka sakamakon ninkawa gida biyu a kan bit na 31, a tara ɓangarorin. Dabarar nan ce ta tara alƙaluma don sanin sauran 9, an mai da ita ƙidayar bibbiyu.

Don a ga nauyin ɗebe 1 ɗin nan, a dubi RANDU, wanda aka yi amfani da shi a kwamfutocin IBM tun shekarun 1960. Ma'auninsa 2³¹ ne cif, maninkinsa 65,539. Da'irarsa ba ta wuce 536,870,912 ba, kuma saboda mugun dacen maninkin da ma'aunin, kowace lamba ana iya samo ta daga biyun da suka gabace ta: shida sau ta kusa, a ɗebe tara sau ta nesa. In aka zana lambobinsa uku-uku a sarari, a kan shimfiɗa 15 kawai suke sauka. An yi bincike mai yawa da shi kafin illar ta bayyana ga kowa. A yau da'ira mai biliyan biyu ta yi wa manyan ayyuka kaɗan, ba a kuma amfani da wannan hanya wajen ɓoye sirri. Wanda ya maye gurbinta a wurare da dama, Mersenne Twister na Matsumoto da Nishimura na 1997, tsawon da'irarsa 2 ne a hawa na 19,937 a ɗebe 1, ita ma gagara-raba daga dangin.

7.0 Kira

Ga malaman lissafi na sakandare da kwalejojin ilimi: wannan lamba ta isa darasin mako guda. A ba ɗalibai jerin 248 su tace shi da kansu, a raba musu gagara-raba kimanin 80 ɗin su gwada, sannan a sa su yi taki 29 na Lucas da Lehmer a kwamfuta su kwatanta wahalar hanyoyin biyu. A kowace siffa a tambaye su: daga rubutu ta fito, daga siga, ko daga rashin rabuwa?

Ga masu rubuta manhaja da masu kula da na'urorin bankuna, asibitoci da kamfanonin sadarwa: tsarin Unix yana ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. A na'urar da har yanzu ke ajiye wannan ƙidaya a bit 32, daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 gabanin asuba, agogon Najeriya da Nijar, daga nan kwanan wata ya koma 13 ga Disamba 1901. Na'urorin da ake saye a girka yau, da yawansu za su kai wannan rana suna aiki. A bincika su tun yanzu, a mai da ƙidayarsu bit 64.